Rukunin Faifai da Hanya Biyu Zuwa Ma'aji

A manyan kwamfutocin ofis masu aiki da Linux akwai wani tsari da ake kira LVM, wanda Heinz Mauelshagen ya rubuta a 1998. Aikinsa shi ne haɗa fayafayai su zama rukuni guda, sa'an nan a yanka wa kowane aiki rabonsa. Da umurnin vgcreate ake kafa rukunin. In wuri ya ƙare, sai a ƙara sabon faifai da vgextend, ba sai an kashe injin ba.

Sau da yawa fayafayan suna cikin ma'aji dabam, akan kuwa ja waya biyu zuwa gare su, domin in ɗaya ta tsinke ɗayar ta ɗauki aikin. To, a nan ake yin kuskure. Kwamfutar takan ga faifai guda da suna biyu, misali sdb da sdc. Shirin multipath ne ke gane shi ta lambar shaidarsa, watau WWID, ya haɗe hanyoyin ƙarƙashin suna ɗaya, kamar mpatha.

Lalle ne ma'aikaci ya kafa rukuninsa a kan mpatha. Wanda ya kafa a kan sdb ya dogara ga waya guda ke nan. Ran da ta yanke, lissafin albashi da rajistar marasa lafiya sai su tsaya cik.

Ya kamata a riƙa dubawa da umurnin multipath -ll, a tabbatar hanyoyin duka suna aiki. A kuma tuna, in faifan kansa ya lalace, hanya biyu ba ta da amfani, sai kwafin da aka adana a wani wuri.