Darasi: Ɗaukar Wakili Don Neman Diyyar Nakasa

Idan inji ya cinye hannun lebura, ko ya faɗo daga kan gini ya nakasa, yana da haƙƙin diyya. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ce ta ba shi wannan haƙƙi. Hukumar NSITF ke biya, daga kuɗin da masu kamfani ke zubawa.

Majinyaci ba ya iya zirga-zirgar ofis. Shi ya sa yake neman wakili: lauya, ko jami'in ƙungiyar ƙwadago, ko ɗan'uwa mai ilmi. To, a nan ake cutar wasu.

Doka ta ce ka sanar da maigidan aikinka cikin kwana 14. Takardar neman diyya kuma ta shiga cikin shekara ɗaya. Wakilin da kullum ke cewa "sai wani watan", lokacinka yake ci.

Ku yi ciniki tun farko, a rubuta ladansa gaban shaidu. Kada ka dangwala yatsa a farar takarda. Ai yanzu ka iya karatu, karanta da kanka ko da sannu-sannu ne. Takardun asibiti na asali su zauna wurinka, ka ba shi kwafi.

In ba ka da kuɗin lauya, nemi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a a babban birnin jiharka. Talaka ba ya biya.