Batirin Ajiyar Wuta: Lissafi Kafin Saye

Tun shekarar 1968 da aka gama madatsar ruwa ta Kainji, ruwan da ya cinye tsofaffin garuruwa da gonakin kakannin mutanen Yauri da Ngaski shi ne ke juya injunan da ke ba ƙasar nan lantarki. Duk da haka mu da ke bakin tafkin mun san yadda wuta ke ɗaukewa ba sallama. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Wani tsohon ɗalibina yana da shagon kwamfuta a Yelwa, inda yake yi wa yara rajistar jarrabawa. Wata rana wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan shagon ta mutu nan take, aikin mako guda ya salwanta. Yana da janareta, amma kafin a ja igiya ɓarna ta riga ta auku. Da yawa cikinku za ku buɗe irin wannan sana'a, saboda haka ku lura da kyau.

Na'urorin iri biyu ne. Ƙaramar UPS, wadda ake rubuta wa 650VA, batirin cikinta yawanci bolt 12 ne, amfiya 7. Aikinta ta ba ka 'yan mintoci ka adana abin da kake yi, ka kashe kwamfuta cikin natsuwa ko ka tada janareta. Wanda yake so ya ci gaba da aiki na sa'o'i, sai inbata da manyan batura. Kada lambar VA ta ruɗe ku; 650VA ba ta ɗaukar fiye da wat 400.

Yanzu sai lissafi, kuma nan ne mutane suka fi yin kasala. A ce babbar kwamfuta tana cin wat 120, na'urorin haɗa intanet wat 30, kwamfutar aiki ɗaya wat 100. Jimla wat 250. Batiri mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da 2,400, wato 12 sau 200. Amma batirin dalma ba a shanye shi ƙarƙaf. Rabi kawai ake ci, in ba haka ba ya mutu da wuri. Saura 1,200. Raba da 250, ka sami sa'a huɗu da minti 48. Inbata ma tana cin nata rabo, don haka ka sa ran sa'a huɗu. Mai sayarwa zai iya ce maka zai kwana yana aiki. Ka ɗauki biro ka gwada maganarsa.

Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne zafi. Ana auna ƙarkon batirin dalma a digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana rage rabin kwanansa. To, ku tuna yadda ɗaki mai rufin kwano yake a nan cikin Maris da Afrilu. Batirin da ya kamata ya shekara huɗu sai ya gaza a biyu, mai shago ya ce an cuce shi, alhali shi ya kulle shi a lungu ba iska. Batirin litiyam ya fi tsada ƙwarai, amma ana iya cin kashi 80 cikin ɗari nasa, ya kuma fi daɗewa. A ganina, mai hali ya saye shi. Araha ba ta ado. Wanda ya sayi mai ruwa, ya riƙa duba shi kowane wata, ya ƙara tataccen ruwan batir, ban da na rijiya ko na tafki.

Kada a jona firinta mai amfani da garin tawada ko injin fotokofi a kan ƙaramar UPS, domin wutar da suke ja lokacin ɗumama ta fi ƙarfinta. 'Yan aji biyar, ga aikin hutu: shago mai cin wat 400 yana son wutar sa'a shida. Batura nawa masu amfiya 200 zai saya?