Darasi na 17: Ciwon Kai da Abincin Tsirrai a Unguwar Jamaika

Karatu

Jamaika wata babbar unguwa ce a gundumar Queens ta birnin Niyok, a ƙasar Amurka. Wanda bai sani ba sai ya zaci daga tsibirin Jamaika aka aro sunan, alhali kuwa ya samo asali ne daga harshen mutanen da suka riga Turawa zama a wurin. Unguwa ce ta baƙi. Daga tashar da ke kan titin Sutphin ake hawa ƙaramin jirgin da ke kai fasinja filin jirgin sama na Kennedy, a kasuwanninta kuwa ana jin harsunan Bangaladash da Afirka ta Yamma da tsibiran Karebiyan. Cikin waɗannan al'ummu akwai waɗanda tun can ba sa cin nama, kamar wasu mabiya addinin Hindu da 'yan Rasta da wasu mabiya cocin Adbentis.

A kudancin wannan unguwa Eric Adams ya tashi, wanda ya zama magajin garin Niyok a 2022. Tun a 2016 likita ya tabbatar masa yana da ciwon sukari, har ganinsa ya fara raunana. Sai ya koma ga wake da hatsi da ganye, ya kuma ce ta haka ya sami lafiya. Da goyon bayansa aka buɗe wani sashe a asibitin Bellevue a 2019, inda ake kula da masu ciwon sukari da hawan jini ta hanyar sauya abinci. Tsakanin 2022 da 2023 kuma asibitocin gwamnatin birnin guda 11, har da asibitin Queens da ke Jamaika, suka mai da abincin tsirrai shi ne abin da ake fara miƙa wa majiyyaci, sai fa in ya nemi wani. Shi kansa Adams, da 'yan jarida suka matsa masa a 2022, ya amsa cewa yakan ɗan taɓa kifi.

Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne. Tuwo da miyar kuka, ɗan wake, fate, kwaɗon zogale, duk daga gona suke, kuma a ƙauyukan Katsina ko Maraɗi akan yi mako tukunya ba ta ga nama ba. Sai dai akwai bambanci. Mutumin ƙauye yana shan fura da nono, yakan kuma sami ɗan busasshen kifi a miya ko ƙwan zabo da damina. Wanda ya koma abincin tsirrai zalla kuwa duk ya bar waɗannan. Wasu daga cikin masu yin haka sukan yi kukan cewa tun da suka sauya abinci kansu bai daina ciwo ba, har su yi watsi da shawarar likita su koma gidan jiya. Alhali sau da yawa laifin ba na abincin ba ne, na yadda aka yi sauyin ne.

A ɗauki misalin wani magidanci direban tasi, wanda aka ce masa sukarinsa ya hau. Ya dawo gida ya ce wa maiɗakinsa, "Daga yau ba nama, ba kofi, ba lemon kwalba." Washegari da la'asar kansa ya fara sarawa, sai ya ɗora wa wake laifi. Mai laifin gaskiya shi ne kofin da ya bari. Jikin da ya saba da sinadarin kafeyin yakan nuna rashinsa bayan awa 12 zuwa 24, ciwon ya tsananta a kwana na biyu, yakan kuma ɗauki kwana 2 zuwa 9 kafin ya lafa. Hausawa sun san wannan ciwo tun kafin su san kofi, domin kuwa shi ne yake kama tsohon da ya wayi gari ba goro, shi ne kuma na ranar farko ta azumi. Maganinsa a rage sannu a hankali, kada a yanke rana ɗaya.

Sai yunwa. Ganye yana cika ciki amma ba ya riƙe shi. Kwanon latas da tumatir yana iya fin tsire girma sau biyar, ƙarfin da yake ba jiki kuwa bai kai na tsinke ɗaya ba. Mai aikin awa goma sha biyu a kan irin wannan ciki zai ji jiri da rawar hannu da nauyin kai, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da yake bukata shi ne abinci mai nauyi, wato wake da gyaɗa da riɗi da gero da doya, kuma a kan lokaci. Lamarin ya fi haɗari ga mai allurar insulin ko mai shan maganin hawan jini, saboda sabon abincin yana iya sauko da sukari ko bugun jini alhali ƙarfin maganin yana nan yadda yake. Irin wannan mutum bai kamata ya sauya abinci ba sai da sanin likitansa. Ƙishirwa ma tana kawo nata ciwon, musamman ga direban da ke ƙin shan ruwa don gudun neman makewayi a tsakiyar birni.

Waɗannan duk na makonnin farko ne. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne mai zuwa bayan watanni ko shekaru, wato na ƙarancin jini. Jiki yana bukatar sinadarin ƙarfe don ya ƙera jinin da ke kai iska ga ƙwaƙwalwa. Masana a Amurka sun ƙayyade miligiram 8 a rana ga namiji, 18 ga mace mai shekara 19 zuwa 50, suka kuma ce wanda ba ya cin nama ya kusan ninka wannan adadi, domin ƙarfen da ke cikin wake da alayyafo ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama. Lemon tsami da tumatir da garin 'ya'yan kuka suna taimaka masa ya shiga. Shayi kuwa tare masa hanya yake yi, in an sha shi tare da abinci. Wannan ba labari ne mai daɗi ba ga masu zaman shayi bayan cin tuwo, amma jinkirin awa ɗaya yana rage matsalar.

Bitamin B12 shi ne babban giɓi. Abin da baligi ke bukata a rana bai wuce maikrogiram 2.4 ba, amma ba hatsi ko ganyen da za a dogara da shi a same shi. Sai nama da kifi da ƙwai da nono, ko ƙwaya, ko abincin da aka ƙara masa shi a masana'anta. Hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana yabon sabon abincinsa kafin kasala da ciwon kai da mantuwa da dindiris a tafin ƙafa su bayyana. Abin tsoro shi ne, ganye yana da wani bitamin da ke iya ɓoye alamar a gwajin jini na yau da kullum, jijiyoyi kuwa suna ci gaba da lalacewa. Maganin sukari da ake kira metformin shi ma yana rage shigar B12 jiki, don haka direban nan yana da dalili biyu na neman a auna masa shi.

Akwai kuma abin da ake gardama a kai. Masu ciwon ɓarin kai sukan ce abincin da aka ruɓar, kamar romon waken soya na mutanen Sin da Japan, yana tayar musu da ciwo, ana kuma zargin wani sinadari mai suna tiramin. Daddawa ma ta wannan hanya ake yin ta. Ba kowa abin ke kamawa ba, don haka likitoci sukan ce mai ciwo ya riƙa rubuta abin da ya ci da ranar da kansa ya yi ciwo har na wasu makonni. Farin magi ya daɗe yana shan zargi, amma gwaje-gwaje ba su tabbatar da laifinsa ba.

Wani ciwon kuma ba ruwansa da tukunya. Wanda ya mai da farasitamol abin sha kwana 15 ko fiye a wata, har fiye da wata uku, maganin da kansa yakan koma jawo masa ciwon. Da hunturu kuma, baƙi da yawa a Queens suna kwana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gida, wadda in ta lalace takan saki iskar kabon monoksaid, marar launi marar wari. Tun 2004 dokar birnin ta wajabta sa na'urar gargaɗi a gidaje. Idan mutanen gida duka suka tashi da ciwon kai, ya kuma lafa da sun fita waje, to a bar binciken abinci, a fita, a kira 911. Haka nan idan ciwon ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko da mutuwar ɓarin jiki da karkacewar baki.

Bayanin wasu kalmomi

Zalla: tsantsa, ba gauraye.
Sarawa: ciwon kai mai bugawa. Ana cewa "kaina yana ciwo" ko "kaina yana sara mini". A lura, kai ne mai aikin, ba mutumin ba.
Komawa gidan jiya: komawa ga halin da aka bari.
Dindiris: rashin jin taɓi a wata gaɓa.
Ciwon kai: ban da cuta, akan faɗe shi da ma'anar abin da ya dami mutum, kamar "Kuɗin haya ya zame masa ciwon kai."

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin abincin mutumin ƙauye da abincin tsirrai zalla?
2. Me ya sa aka kawo zancen goro da azumi?
3. Don me ƙarancin B12 yake daɗewa bai bayyana ba?
4. A nemo jimloli biyar masu "kan", kamar "yakan" da "sukan" da "akan", a mai da su korau.
5. A rubuta hira tsakanin direban da maiɗakinsa a rana ta uku.