HUKUNCIN SAYEN TSOHUWAR MOTA DAGA ƘASAR WAJE

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako a kan wani ciniki ne da ya zama ruwan dare. Mutum yana zaune a Kano ko Maraɗi, a aiko masa da hoton mota a waya, motar kuwa tana wani fili a Amurka ko a bakin ruwa a Beljiyam, ya ɗauki kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa ya aika, sa'an nan ya zauna jiran jirgi. Idan ta iso lafiya ba mai neman malami. Idan kuwa ta iso da mataccen inji, ko ba ta iso ba sam, sai a taho gaban alƙali kowa yana rantsuwa, alhali sau da yawa wanda aka aika wa kuɗin ƙane ne ko suruki.

A shekarar 1975, sa'ad da aka soma harhaɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko, ma'aikacin Gwamnati yakan sami rancen mota ya sayi sabuwa fil. Bayan da darajar Naira ta faɗi daga shekarar 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin jama'a, sai 'yan kasuwa suka koma ɗauko tsofaffi daga tashar Antuwaf ta Beljiyam zuwa Kwatano, daga nan a shigo da su ta kan iyaka. Wannan shi ne asalin kiran irin motar nan "Beljiyam" ko "'yar Kwatano", Yarabawa kuwa su ce "tokumbo". A watan Janairu na 2017 Gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashoshin ruwa. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, wajen kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka aka kawo su.

Asalin ciniki halal ne, amma daga cikin sharuɗɗansa akwai sanin abin da ake saye, domin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, watau cinikin da ƙarshensa yake a ɓoye. Saboda haka malamai suka saɓa a kan sayen abin da ba ya gaban ido. Imamu Shafi'i, a ra'ayinsa na ƙarshe, bai inganta shi ba. Imamu Abu Hanifa ya inganta shi, ya kuma ba mai saye zaɓi ran da ya gani, ko ya karɓa ko ya fasa. Imamu Malik ya inganta shi idan an siffanta kayan siffa cikakkiya, kuma in kaya ya zo daidai da siffar, ciniki ya ɗauru, mai saye ba shi da ikon fasawa don kawai ransa ya sauya. A cikin Muwaɗɗa ya yarda a sayi ƙullin tufafi bisa takardar da ɗan kasuwa ya rubuta adadinsu da irinsu, ba sai an kwance ba, domin haka fatake suke yi a Madina. Wannan takarda ita ce kakar hotuna da bayanan da ake aikowa yau.

Sai dai Malikiyya ba su saki maganar haka nan ba. Shehu Halilu a Muhtasar ya sharɗanta kada kayan ya yi nisa ƙwarai, ya buga misali da nisan Hurasan daga Ifriƙiyya, watau daga gabashin Iran zuwa Tunisiya ta yau. Dalili kuwa shi ne kaya yakan canza kafin a kai gare shi. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya ce ba a sharɗanta biyan kuɗi tun da fari a irin wannan ciniki, sai in kayan yana kusa, ko ya kasance abin da ba a tsoron canzawarsa, kamar gida ko gona. Hikimar a fili take: in kaya ya iso, kuɗin farashi ne, in bai iso ba ya zama rance da mai sayarwa ya juya ya amfana da shi. Haka kuma, a mashhurin mazhaba, lamunin kayan da ake iya ɗauka yana kan mai sayarwa har mai saye ya karɓa, sai fa in sun yi sharaɗin akasin haka.

Wani zai ce ai yanzu waya ta kashe nisa. Lalle hoto yakan iso cikin ƙiftawar ido, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta inganta ƙulla ciniki ta waya da makamantanta. Amma ita motar ba ta bin waya. Sai an ja ta zuwa tasha, ta yi jiran jirgi, ta yi makonni a teku, ta sake jiran fito a Tin Kan ko Kwatano ko Lome, kuma a kowane zango ana iya kwance mata wani abu. Abin da malamai suka ji wa tsoro yana nan daram. Saboda haka mafi tsira ga mai sayen mota kai tsaye daga hannun mai ita a waje shi ne wani amintacce, ba mai sayarwa ba, ya duba ta ya siffanta, kuɗin kuma a ajiye a hannun mutum na uku har ta iso.

To, amma yawancin jama'a ba haka suke saye ba. Wani suke aika wa kuɗi. A nan ne mafi yawan rigima take tasowa, domin ba a tsayawa a tambayi abu guda: shi wannan mutum na can, wakili ne ko mai sayarwa? Hukuncin su biyu ya sha bamban kamar dare da rana.

Idan wakili ne, ganinsa ganin mai kuɗi ne, an fita daga babin sayen abin da ba a gani ba, aika masa kuɗi tun da fari kuma babu laifi, domin amana ce a hannunsa. Daga sa'ar da ya saya mota ta zama ta mai kuɗi. In jirgi ya nutse, ko aka fasa kwantena, asarar ta mai kuɗi ce, wakili ba ya biya, sai in ya yi sakaci ko ya saɓa umarni, kamar a ce masa ya sayi ta 2012 ya sayi ta 2008, ko a hana shi wadda ta yi haɗari ya saya. Amma fa wakili ba shi da riba. La'adarsa kaɗai yake da ita, wadda aka ambata tun farko. In ya sayi mota Dala 4,000 ya ce 4,700 ce, Dala 700 ɗin nan ha'inci ne, ko da farashin da ya faɗa bai kai na kasuwa ba, ko da mai kuɗi ya yi murna. Ragin da aka yi masa a wurin saye ma na mai kuɗi ne.

Idan kuwa mai sayarwa ne, watau ya sayi motar da kuɗinsa sa'an nan ya sa mata farashi, riba halal ce gare shi kome yawanta, ba kuma dole ne ya faɗi yadda ya saya ba. Sai dai in ya zaɓi ya faɗa, lalle ne ya faɗi gaskiya. Lamuni kuwa yana wuyansa har motar ta shiga hannun mai saye. Abin mamaki shi ne yadda waɗansu suke son su ci tudu biyu: ranar lissafin riba su 'yan kasuwa ne, ranar da inji ya buga kuwa sai su ce su 'yan aike ne kawai. Shari'a ta ɗaure riba da lamuni da igiya ɗaya, wanda ya ɗauki wannan ya ɗauki wancan.

Akwai kuma wanda yake ganin mota a jerin gwanjo, tun ba a buga ƙararrawa ba ya yanke mata farashi ya karɓi kuɗin mutum. Wannan sayar da abin da ba a mallaka ba ne, wanda Annabi ya hana Hakimu ɗan Hizamu. Ba a kuma fakewa da salam, watau biya yanzu a kawo kaya daga baya, domin salam ba ya inganta a kan wani abu guda ayyananne. Gyaran abin da sauƙi: ya zama wakili da la'ada sananniya, ko ya jira sai ta zama tasa.

Shi kansa gwanjo halal ne, abin da aka hana shi ne mutum ya riƙa ƙara farashi ba da niyyar saye ba, don ya ruɗi wani. Amma ya kamata a san irin motocin da ake samu a manyan kamfanonin gwanjo na Amurka, irin su Copart da IAA. Da yawa daga cikinsu kamfanonin inshora ne suka kawo su bayan sun biya masu su diyya, saboda kuɗin gyara ya kusa kai darajar motar ko ya wuce. Akwai na haɗari, akwai na gobara, akwai waɗanda ambaliya ta shanye, kamar yadda ya faru a guguwar Katrina a 2005 da Sandy a 2012 da Harvey a 2017. Motar ruwa ta fi kowace ruɗi, domin jikinta sumul, amma wayoyin lantarkinta suna cin tsatsa a hankali, sai bayan watanni ta fara gardama. A can wurin gwanjon akan rubuta irin lahanin, kuma lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17 tun daga 1981, takan buɗe tarihin motar ga mai bincike da kuɗi kaɗan. Wanda ya sayi irin wannan da saninsa ya gyara ya hau, bai yi laifi ba.

Laifin yana farawa ne bayan ta sauka. A kai ta wurin masu gyaran jiki, a shafe, a yi fenti, a rufe gurbin jakar iskar da ta fashe ba tare da an sa wata ba, a juya agogon tafiya daga mil 200,000 ya koma 80,000, sa'an nan a kafa ta a bakin titi ana rantsuwa cewa wata tsohuwa ce take zuwa kasuwa da ita. Annabi ya taɓa sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Ya kuma hana a ƙi tatsar raƙuma ko tunkiya kwanaki don hantsarta ta cika a zaci mai nono ce. Juya agogon mota ɗan'uwan wannan ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Jakar iska kuwa ta wuce maganar dukiya, rai ne ake wasa da shi.

Wanda ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓi: ya riƙe a kan farashinta, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In wani babban lahani ya auku a hannunsa kafin ya gane, ko ya riƙe a biya shi gwargwadon abin da tsohon aibi ya rage, ko ya mayar ya biya na sabon. In kuwa aibin da aka ɓoye da gangan shi ya halaka motar, asarar tana kan wanda ya ɓoye. Cewar dillali "an sayar yadda take" ba ta wanke wanda ya san aibi ya yi shiru. Amma mai saye da ya ga aibi ya ci gaba da hawa ba uzuri, an ɗauka ya yarda.

Saura waɗansu abubuwa na hanya. Canjin Naira da Dala hannu da hannu ake yi, kuma Majalisar nan ta Jidda ta ɗauki shigar kuɗi cikin asusun banki a matsayin karɓa, saboda haka ba a yanke farashi yau a ce za a biya wata mai zuwa. Game da kuɗin fito, kome ra'ayin mutum a kan yawansa, rage shekarun mota a takarda ƙarya ce, abin da ake miƙa wa ma'aikaci don ya kau da kai kuwa rashawa ce, wanda kuma ya sayar da mota da takardun kwastan na jabu ya ɓoye aibi, tun da ana iya ƙwace ta a hanya. Mota mai sitiyari a dama, irin ta Ingila da Japan, ita ma sai an bayyana, domin tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kuma motar da aka juya wa sitiyari ba daidai take da wadda aka ƙera haka ba.

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Kuɗin da zai yi watanni a hannun wani ya cancanci takarda, ko da tsakanin wa da ƙane ne, a rubuta a ciki ko shi wakili ne ko mai sayarwa, da lambar shasi, da la'ada, da wanda zai biya jirgi da fito, da wurin da za a miƙa mota.

Daga ƙarshe akwai motar sata. An sha kama motocin da aka sato daga Kanada da Amurka da Turai a tashoshin Afirka ta Yamma, 'yan sandan ƙasa da ƙasa kuma suna ajiye jerin lambobinsu. Dukiyar wanda ba Musulmi ba, a ƙasar da ake zaman amana da ita, haramun ce kamar ta Musulmi. Wanda ya saya da saninsa ya yi tarayya da ɓarawo a zunubi. Wanda ya saya bai sani ba babu zunubi a kansa, amma motar ba ta zama tasa ba, in mai ita ya bayyana da hujja sai a ba shi, shi kuma ya koma kan wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa, wancan ma ya koma kan na gabansa. Allah ne Masani.