Birged Ta Ɗaya Da Sunayen Barikoki

A Ikko akwai barikin soja da ake kira Marda, akwai kuma Myohaung. A Abuja akwai Mogadishu. Yara da yawa suna wucewa ta ƙofarsu kullum, amma in malami ya tambaye su ko sunan wane ne, sai su yi shiru. To, ba sunayen mutane ba ne. Wurare ne inda sojan Nijeriya suka yi yaƙi, kuma duka ukun suna cikin labarin birged guda.

Birged ƙungiyar soja ce, yawanci bataliya uku. Wannan tamu an haɗa ta cikin 1940 da bataliya ta 1, da ta 2, da ta 3 na Rundunar Nijeriya. Hafsoshinta Turawa ne, sojan kuwa da yawansu 'yan Arewa ne, da Hausa ake magana da su. Aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Kenya don su kara da Italiya. A can ana kiranta Birged ta 23.

Ran 25 ga Fabrairu, 1941, suka shiga Mogadishu, babban birnin Somaliya ta Italiya. Suka tarar abokan gaba sun gudu sun bar man fetur mai yawa, da shi kuwa aka ci gaba. Daga nan suka miƙa arewa cikin motoci ta ƙasa mai ƙarancin ruwa, har suka isa Jijiga a Habasha ran 17 ga Maris. Tafiyar ta fi mil 700. Ya kamata malami ya sa yara su auna wannan a taswira, su gwada da nisan Ikko zuwa Kano, don in an faɗa musu da baki kawai ba za su ga girman abin ba. Gaba da Jijiga akwai mashigin dutse, watau Marda, inda Italiyawa suka tsaya. Sojan suka hau duwatsun da ƙafa, ana ta yi musu ruwan wuta, da dare ya yi abokan gaba suka janye. Kafin watan ya ƙare an ci Harar.

Bayan sun komo gida aka sake mata suna Birged ta 1 ta Afirka ta Yamma. Cikin 1944 aka kai ta Indiya, daga can sai Bama. Nan fa ba gudun mota, sai kurmi da ƙoramu, kaya a kai, abinci kuwa sau da yawa jirgin sama ke jefowa. Cikin Janairu 1945 aka ƙwace Myohaung daga hannun Japan.

Abu guda kada a rikita wa yara. A al'adar sojan Ingila, sunan wurin yaƙi ba birged ake ba ba, rundunar da bataliyoyin suka fito ake ba, a ɗinka waɗansu a tutarta. Shi ya sa Marda da Myohaung suke cikin girmamawar Rundunar Nijeriya duka, ko da yake birged ɗin kanta an rushe ta bayan yaƙi.