Yadda Ake Zaɓen Abin Da Za A Canza Idan An Buɗe Injin Mota

Motar haya a Daura ba ta da hutu. Yau tana hanyar Kano ta Kazaure, gobe Katsina, ranar kasuwa kuma ta sha lodi zuwa Mai'adua ko bakin iyaka a Kongolam. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu. Ranar da inji ya ɗauki zafi har gaskit ya ƙone, bakanike zai ce sai an sauke tof, wato kan inji. Daga nan ciniki yake farawa: gaskit kaɗai za a sa, ko har da maƙwabtansa?

Bakaniken kirki yakan fara da neman musabbabi, don gaskit bai cika ƙonewa haka kawai ba. Zai duba ko lagireto ya toshe, ko fanka ta daina juyawa, ko famfon ruwa yana ɗiga. Zai buɗe murfin baƙin mai. In ya ga man ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya riga ya shiga, don haka mai da filta ba abin shawara ba ne, dole su tafi.

Sai awo. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof, a zura siririn ma'auni a ƙarƙashinsa. In ya shige da sauƙi, tof ya lanƙwashe, sai an kai shi an goge. Wanda ya tsallake wannan ya ɗora sabon gaskit, zai dawo gareji ba da daɗewa ba. Manyan ƙusoshin tof ma ana auna su, domin a injuna da yawa suna miƙewa idan an ɗaure, shi ya sa kamfanoni ke cewa a sa sababbi.

Inda mai mota ya fi yin gardama shi ne kayan da ba su lalace ba tukuna. A nan tambaya ɗaya ce ke raba gardamar: in abin nan ya mutu bayan wata uku, sai an sake kwance inji kafin a kai gare shi? A Peugeot 406, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, bel ɗin tayimin ne ke juya famfon ruwa. Tunda an cire bel, hankali ya ce a canza shi tare da famfon da ƴan tayoyin da ke riƙe shi. In famfo ya cije, bel zai tsinke, fistin ya daki bawul, aikin ya ninka. Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 kuwa sarƙa gare ta, in ba ta ƙara kuma ba ta saki ba, a bar ta.

Haka kuloci. In tof kaɗai aka sauke, babu ruwansa. Amma in an ciro inji gaba ɗaya don ringi da metal, a duba faifan kuloci, a canza sil ɗin bayan kirankshaf, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba amma yana ɓoye tsakanin inji da giya. Fulogi, fanbel da tiyo suna waje, suna iya jiran wata na gaba.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aljihun direba ya ƙara ƙunci, kuma kayan da ake aikowa daga Kofar Ruwa a Kano sun yi tsada. Duk da haka, tof ko bulo na gwanjo ba laifi in an auna, amma bel, gaskit da sil sai sababbi, kuma masu kyau. Kafin a ɗaure ƙusa ko ɗaya, mai mota ya nemi a nuna masa tsofaffin kayan da aka cire, a rubuta masa kilomitar da aka sa sabon bel.