Darasin Yau: Baƙin Mai da Juyen Sabon Mashin

Yawancinmu mashin ne motarmu, shi ke ɗauko buhunan abinci, shi ke kai kiret ɗin ƙwai kasuwa. To ga wanda Allah ya hore wa sabo, a kula da wannan.

Juyen farko ya fi kowane juye muhimmanci. Sabon inji, fistin da ringi da haƙoran giya ba su gama zama da juna ba, suna gogayya suna zubar da ɓurɓushin ƙarfe cikin mai. In ka bar man nan ya daɗe, ɓurɓushin ne zai riƙa zagayawa yana cin injin kamar yashi. Shi ya sa kamfanoni ke cewa a juye tsakanin kilomita 500 zuwa 1000 na farko. Duba ɗan littafin da aka ba ka tare da mashin ɗin, adadin naka na ciki. Kafin nan kuma a yi haƙuri da lodi mai nauyi da zuga wuta.

Wane mai za ka saya? Ka juya bayan galan ka nemi 4T da JASO MA ko MA2. Dalili kuwa, a mashin mai giya irin su Boxer, mai ɗaya ne ke wanke inji da giya da kuloci. Wasu mayukan mota an sa musu sinadarin ƙara santsi, wanda ke sa kuloci ya riƙa zamewa: ka ja wuta, inji na kuka, mashin ba ya gaba. Da yawa sun canza faifan kuloci a banza, alhali mai ne matsalar. Shi kuma 2T na masu hayaƙi ne, kar ma ka kusance shi.

Lambar 20W-50 ko 20W-40 kaurin mai take nunawa. Ta farko lokacin da inji ke sanyi, ta biyu in ya ɗau zafi. Bi wadda littafinka ya ce. Man awo na bakin titi da ake ɗurawa a gora kuwa, ni dai ba na ba da shawararsa, don ba ka san me aka gauraya ba.

Bayan na farko, mai hawa hanyar gona cikin ƙura da lodi, ni a ganina kar ya wuce kilomita 2000. Baƙin da mai ya yi ba shi ne ma'auni ba, mai kyau ma yakan yi baƙi saboda dattin da yake kwashewa. Rubuta lambar mita ranar juye kawai.

A juye inji na da ɗumi, kar a cika ya wuce layin geji. Tsohon man kuma a tara a jarka a rufe, kar a zubar kusa da rijiya, kududdufin kifi ko inda kaji ke tono.